Tsohuwar Lasifika, Faranti da Yashi: Yadda Ake Haɗa Na'urar Ganin Sauti a Gida

Idan aka ɗaura farantin ƙarfe marar kauri a kan lasifika, aka barbaɗa masa yashi, sannan aka saki sauti guda tsantsa ana ƙara siranta shi a hankali, akwai inda ana kaiwa yashin zai hau tsalle. Zai gudu daga wasu wurare ya taru a wasu, kafin ka ankara ya ja layuka: zobe, gicciye, murabba'i cikin murabba'i. Ka matsa gaba kaɗan zanen ya watse, can gaba kuma wani ya fito wanda ya fi na farko sarƙaƙiya. Duk kayan haɗa wannan na'ura ana samunsu a cikin garin Jos, galibinsu ma kwance suke a shagunan masu gyara.

Abin ba sabo ba ne. Robert Hooke na Ingila ya ga irinsa a 1680 da fulawa a kan gilashi, amma wanda aka fi sani da shi Bajamushe ne, Ernst Chladni, wanda ya wallafa zane-zanensa a 1787. Shi ba shi da lasifika, da bakan goge irin na Turawa yake gugar gefen faranti. Ya kai abin har gaban Napoleon a Faransa, aka sa kyauta ga duk wanda ya iya bayyana shi da lissafi, wata mata masaniyar lissafi, Sophie Germain, ta lashe a 1816. Har gobe wasu masu sassaƙa goge da jita na Turawa suna gwada katakonsu ta wannan hanya.

Dalilin zanen kuwa, ɗauki igiyar guga ka ɗaure bakinta ɗaya a jikin turke, ka riƙe ɗayan kana kaɗawa da sauri. In ka dace da saurin da ya yi mata, za ka ga wasu wurare suna sama suna ƙasa, tsakaninsu kuma akwai gaɓoɓin da ba sa motsi ko kaɗan. Haka faranti yake yi, sai dai shi yana da faɗi, don haka wuraren da ba sa motsi layuka ne, ba ɗigo ba. Yashi na tsalle daga inda ake girgiza, in ya faɗa kan layin da ke tsaye sai ya zauna. Saurin girgizar da Hz ake auna shi: 100 Hz na nufin abu ya je ya dawo sau 100 a sakan ɗaya.

Abin da nake so ka riƙe tun yanzu: ba girman lasifika ko ƙarfin ƙara ke fitar da zane ba. Yawancin waɗanda abin ya ƙi musu, matsalar tana wurin da aka haɗa lasifikar da farantin, ko a jikin yashin.

Lasifika

Nemi ta bugun ƙasa, wato mai kaurin murya, inci 6 zuwa 8, mai om 4 ko om 8 (om shi ne ma'aunin turjiyarta ga wutar lantarki). Ta mota ta yi, ta tsohon gidan rediyo ma ta yi. Ka zaga wajen masu gyaran rediyo da amfilifaya a kewayen kasuwar Terminus, ko masu kayan mota na Dilimi. Kada ka sayi sabuwa, don gam za ka zuba mata, ba za ta sake komawa kiɗa ba. Koyil shi ne naɗin siririyar wayar da ke cikin lasifika, kwali kuma shi ne fuskarta mai kai da kawo. Ka ce wa mai shagon, "Malam, sifika nake nema wadda koyil ɗinta ke da rai, ko da bakin kwalin ya ɗan tsage." In ya ce, "Oga, wane aiki za ta yi?" ka gaya masa gaskiya, don sau da yawa shi zai zaƙulo maka wadda ta fi dacewa daga ƙarƙashin benci.

Kafin ka biya, gwaji uku. Sa yatsu huɗu kewaye da tsakiyar kwalin ka danna a hankali: ya shiga ya fito sumul, in ka ji ƙarar gogayya to koyil ya goce ko ya taɓa ƙonewa, ajiye ta. Sai ka taɓa wayoyinta biyu da ƙaramin batirin tocila mai bolt 1.5, kwalin zai yi "ɗaf" ya motsa. Sannan a sa mitar awon wuta ta masu gyara: mai om 8 takan nuna wajen 6 zuwa 7, mai om 4 kuma 3 da wani abu. Hakan daidai ne, ba lalacewa ba ce.

Faranti

Alminiyam mai kaurin milimita 1, murabba'i, santimita 20 kowane gefe. Nauyinsa zai kama giram 108, wanda lasifika mai inci 8 za ta ɗauka ba wahala. Baƙin ƙarfe mai girma ɗaya ya haura giram 300. Abin mamaki, zanen zai fito a kusan lambobi ɗaya a kan duka biyun, domin gudun sauti a cikinsu kusan ɗaya ne, amma mai nauyin zai wahalar da lasifika a banza. In ƙarfen ne kawai a hannu, nemi wanda bai kai milimita 1 ba.

Je wajen masu aikin alminiyam ko masu lanƙwasa kwano, a yanka maka da injin yanka, ba da almakashi ba. Almakashi na nannaɗe baki, farantin da ya karkace kuwa zanensa karkatacce ne. Kwanon rufi mai tudu da kwari ba ya yi. Haka wannan allon da ake liƙa wa fuskar shaguna, mai alminiyam waje da roba a tsakiya: ido zai ga ya yi kyau, amma robar tana shanye girgiza. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Riƙe farantin da yatsu biyu a tsakiya ko ka rataye shi da zare, ka ƙwanƙwasa da cokali. In ya yi amo ya daɗe yana kuka, naka ne. In ya yi "kwaf" ya yi shiru, bar musu abinsu.

Goge bakin da zarto ko samfefa don kada ya yanke ka. Ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa sau biyu, inda suka haɗu nan ne tsakiya. Ɗora farantin a kan katako mai laushi, ka ɗan yi alama da ƙusa, bugu ɗaya marar ƙarfi, sannan a huda da injin huda, rami mai milimita 6. A nan kada ka yi gaggawa. Kuskuren milimita biyu a tsakiya zai nuna kansa a kowane zane.

Fenti baƙi marar sheƙi, na feshi, shafi ɗaya siriri, don yashi ya fito a hoto. Fenti mai kauri na kashe amo. Bar shi kwana biyu ya bushe sarai, in ba haka ba yashi zai manne.

Wuyan da ke haɗa su

Nan ne aikin yake. Koyil ne ke motsi, kuma yana ƙarƙashin wannan ƙaramar hular da ke tsakiyar kwalin. Hular kanta ba ta da ƙarfi, ƙura kawai take tarewa. In ka manna noti a kanta za ta lotsa, girgizar ta mutu a nan. Abin da ake so shi ne wani abu mai tauri marar nauyi da zai kife a kan hular, bakinsa ya zauna a jikin kwalin daidai da'irar da hular ta ƙare, don nan ne kwali ya haɗu da koyil.

Abin da ya fi yi shi ne murfin bututun ruwa na roba, irin wanda masu aikin famfo ke toshe bakin bututu da shi. Auna faɗin hular ka sayi wanda ya ɗan fi ta. Murfin robar magani mai tauri ma yana yi. Kofin roba mai laushi kuwa ba ya yi, lanƙwashewa yake.

Huda tsakiyar murfin, rami mai milimita 6. Sami dogon bolti mai kaurin milimita 6, tsawon santimita 8 zuwa 10, mai zare har ƙasa, da noti uku da wosha huɗu. Zura boltin ta cikin murfin yadda kansa zai kasance a ciki, wosha ɗaya ciki ɗaya waje, ka ɗaure da noti tamau da sufana. Ɗiga gam a kan zaren, domin da zarar ka manna murfin ba ka da sauran hanyar kai hannu ciki. Duba kuma kan boltin ba zai taɓa hular ba.

Sai mannawa. Yi amfani da gam mai bututu biyu da ake cakuɗawa, irin su Araldite, kuma ka zaɓi mai jinkirin kamawa in ka samu, don ya ba ka lokacin daidaitawa. Gam ɗin nan na ruwa mai kamawa nan take yana tsagewa da girgiza, kuma yana iya gangarawa cikin koyil. Kankare bakin murfin da samfefa, goge ƙurar kwalin, kwantar da lasifikar a kan tebur tana kallon sama, shafa gam a bakin murfin ka ɗora. Yanzu ka tsuguna idonka ya yi daidai da boltin, ka dube shi ta gaba, ka zagaya ka dube shi ta gefe. Jingina masa kusurwar kafinta ko gefen littafi mai tauri ka tabbata a miƙe yake ƙyam. In ya karkata ko kaɗan, farantin zai karkata, yashi kuma ya riƙa gangarewa gefe guda. Ka bar shi ya kwana. Na san hannu zai yi ta ƙaiƙayi, amma gam ɗin da bai gama kamawa ba shi ne ke jawo wannan ƙarar "zzz" da mutum zai yi ta nema bai san daga ina take ba.

Akwati da gada

Kafinta a kasuwar Katako zai haɗa maka ƙaramin akwati da ragowar katako: buɗaɗɗen ƙasa, saman yana da rami daidai lasifika. Ɗaure ta da sukurori huɗu tana kallon sama. Akwatin ya yi nauyi, in bai yi ba a aza masa bulo a gefe, kuma a sa guntayen robar silifas a ƙarƙashin ƙafafunsa don kada ya riƙa yawo a kan tebur.

A saman lasifikar a gitta siririn katako daga gefe zuwa gefe, a ɗaga shi da 'yan guntaye yadda kwali ba zai taɓa shi ba ko ya yi sama. A tsakiyarsa a huda rami da ya ɗan fi boltin faɗi. Aikin wannan gada shi ne ta hana boltin rangaji in farantin ya hau. Zaren bolti na gogar katako ya yi ƙara, don haka naɗe wurin da salatif ko ka zura masa guntun bututun biro, ka shafa ɗan man shafawa. Ya riƙa hawa da sauka ba tare da ya kama ba.

Kafin farantin ya hau, yanka wani kwali mai faɗi, ka huda tsakiyarsa, ka rufe fuskar lasifikar da shi a kan gadar. Yashin da ya zubo kada ya sami hanyar shiga. Daga nan sai noti, wosha, faranti, wosha, noti. Ɗaure sosai amma kada ka matse har farantin ya lotsa. Ɗora ma'aunin magina mai ɗigon ruwa a kai, ko ka yi amfani da na cikin waya, ka cusa takarda ƙarƙashin ƙafafun akwatin har ya daidaita ta kowane ɓangare.

Amfilifaya da waya

Wayar hannu ita kaɗai ba za ta motsa wannan lasifika ba. In kana da tsohuwar amfilifaya a gida, ta wadatar. In saye za ka yi, ƙaramin allon amfilifaya mai lamba TPA3116 ya isa har ya yi yawa, kuma yana aiki da batirin bolt 12 ko cajar laftof mai bolt 19. Duba ƙafafun wuta, wato + da −, da mita kafin ka jona, in ka juya su allon ya tafi. Yi amfani da tasha ɗaya kawai, hagu ko dama, kuma kada ka haɗa baƙaƙen wayoyin tashoshin biyu wuri guda, irin wannan allo ba ya yarda da hakan. Ƙananan allunan nan masu bolt 5 da ake sa wa 'yan rediyon caji ba su da ƙarfin aikin.

A waya, sauke manhajar da ke fitar da sauti guda, wadda za ka rubuta lambar Hz da hannunka kuma ka iya ƙarawa ɗaya-ɗaya. Zaɓi sauti mai santsi, wanda alamarsa ke lanƙwasa ba kusurwa. Kashe duk wani abin ƙara bugun ƙasa. Sannan ka sa wayar a yanayin jirgin sama, domin kira ɗaya in ya shigo ƙararsa ta bi ta amfilifaya, yashin gaba ɗaya a fuskarka zai ƙare.

Yashi

A Jos wannan sai an kula. Yashin rafukan nan da na wuraren da aka haƙi kuza, ta wajen Bukuru da Rayfield, yana da baƙaƙen ƙwayoyi a ciki, wasunsu maganaɗisu na kama su. Lasifika kuwa babban maganaɗisu ne da ita, da siririn rami inda koyil ke kai da kawo. Ƙwayoyin nan in suka shiga ramin ba sa fita. Yashin tsibin da masu wankin kuza suka bari ma kada ka kai shi gida sam, don an daɗe da sanin yana ɗauke da ma'adinai masu fitar da tururin da ke cutarwa. Ɗebi farin yashin gini.

Wanke shi har ruwan ya fita garau, shanya shi ya bushe ƙarau. Tankaɗe da rariyar shayi ka zubar da tsakuwar. Abin da ya wuce, sake tankaɗe shi da siririn mayafi, wannan karon ƙurar da ta wuce ita za ka zubar, ka riƙe na sama. Daga nan sa maganaɗisu a cikin leda ka yi ta jan sa a cikin yashin. Za ka ga baƙin gashi-gashi ya taru a jikin ledar. Zare maganaɗisun daga ciki, su zube a shara. Maimaita har ledar ta fito fes.

Gishirin tebur mai laushi yana yi da hunturu, lokacin da iska ta bushe. Da damina kuwa, musamman Yuli da Agusta, yana jan danshi ya dunƙule, ya kuma ci ƙarfe. Hunturun ma da nasa: ƙwayoyi kan manne wa fenti saboda bushewar iska, sai ka shafe farantin da ƙyalle mai ɗan danshi ka bari ya sha iska. Acca tana nuna manyan zanen farko, yara kuma suna son ganin tsallenta, amma ta yi girma ga siraran layuka. Zuba yashin a gwangwani, ka rufe bakin da guntun mayafi da roba, ya zama abin barbaɗawa.

Kunnawa

Sa akwatin cikin babban tire ko buɗaɗɗen kwali don tare abin da ya zube. Toshe kunnenka, da na duk wanda ke ɗakin. Sauti guda tsantsa yana huda kunne fiye da kiɗa, musamman daga 1000 Hz zuwa sama, kuma kada a yi kusa da jariri. Maƙwabta ma a duba musu lokaci.

Murɗa ƙarar amfilifaya zuwa ƙasa gaba ɗaya, sannan ka kunna. Barbaɗa yashi kaɗan, yadda kana ganin baƙin farantin ta tsakanin ƙwayoyin. Sa 100 Hz, ƙara murya a hankali har ka ga ƙwayoyi sun fara ɗan motsi, ka tsaya nan. Yanzu ka riƙa hawa biyu-biyu ko biyar-biyar, kana dakatawa sakan biyu a kowace lamba. Kunnenka zai riga idonka: in ka kusa, sautin zai ƙara ƙarfi da kansa ba ka taɓa komai ba, yashin bakin faranti ya fara tafasa. Daga nan koma ɗaya-ɗaya, gaba da baya, har ka sami lambar da layin ya fi fita siriri. Ƙara yashi kaɗan a inda ya yi ƙaranci, rage murya, ɗauki hoto, rubuta lambar.

A faranti mai wannan awo za ka fara samun zane tun kafin ka kai 300 Hz, masu sauƙi, layi ɗaya ko biyu. Kana hawa suna ƙara yawan layuka. Tsakanin zane da zane akwai dogon fili da ba abin da ke faruwa, a nan ne mutane ke ƙosawa su murɗe ƙara har ƙarshe. Kada ka yi. Ci gaba da hawa a yadda kake. Lambobin da wani ya samu a nasa farantin ba za su zo daidai da naka ba, don ɗan bambancin kauri ko matsin noti yana gusar da su, shi ya sa littafinka ya fi na kowa amfani a gare ka.

Sauti marar yankewa yana zafafa koyil fiye da waƙa. Minti ɗaya ko biyu, ka ba ta hutu. In ka ji ƙaurin fenti na ƙonewa, kashe nan take. Can sama, wajen 2000 Hz zuwa gaba, lasifikar bugun ƙasa mai ɗauke da kaya tana fara gazawa. In zane ya daina fita sai da ƙara mai yawa, iyakarta ke nan.

In ya ƙi

Yashi na gangarewa gefe guda: farantin bai daidaita ba, koma kan ma'auni. Ƙarar "zzz" ko kakkaɓi: noti ya saki, ko bolti na gogar gada, ko gam ya ɗaga, taɓa kowanne da yatsa yana kunne, inda ƙarar ta tsaya nan ne. Yashi na watsewa ƙasa gaba ɗaya: murya ta yi yawa. Ana jin sauti amma ba motsi: yashin ya yi yawa ko yana da danshi, ko murfin da ka manna mai laushi ne. Zane na fita amma ɓangare ɗaya ya fi ɗaya: ramin bai zauna a tsakiya ba ko farantin ya lanƙwashe, kuma wannan ba ya gyaruwa da guduma, sai sabon faranti.

Abin da za a gwada bayan ya yi

Malamin makaranta zai fi cin moriyar wannan ɓangaren. A yanka faranti na biyu mai awo ɗaya amma kaurinsa milimita 2: zanen da ya fito a wata lamba zai koma kusan ninkinta. A yanka wani mai kauri ɗaya amma gefensa ya ninka, santimita 40: lambar za ta sauko zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu, sai dai nauyinsa ya ninka huɗu, a lura da lasifika. Ɗalibai su fara faɗin lambar da suke tsammani kafin a kunna. Faranti mai da'ira da aka ɗaure a tsakiya yana ba da zobba cikin zobba.

Sai a cakuɗa yashi da ɗan garin fulawa a barbaɗa. Yashi zai tafi layukan da ba sa motsi, garin kuma ya taru tsibi-tsibi a inda girgiza ta fi ƙarfi. Michael Faraday ya bayyana dalilin a 1831: farantin na kaɗa iskar da ke samansa, iskar kuma ita ke kwashe gari marar nauyi ta tara shi a can. Bayan wannan gwajin a goge farantin sosai, don fulawa na barin maiƙon da ke riƙe yashi.

Yayin da zane ya tsaya, ɗora ɗan yatsa a kan layin yashi: ba abin da zai canza. Matsar da shi tsakanin layuka biyu, za ka ji girgizar a fatarka, sautin ya ragu, zanen ya fara lalacewa. In an gama, kwance farantin daga bolti a ajiye shi kwance tsakanin kwalaye biyu, a rufe lasifikar da leda saboda ƙura.